Mai Babur da Tabarsa, da Wanda Ke Zaune a Baya

 Wannan makon na ɗan jingine labarin da muke ciki, masu jiran su ji yadda za ta kaya ku yi mini afuwa. Wata magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro, na ga in ban fitar da ita ba alƙalamin ma ba zai yi gudu ba.

Akwai wani saurayi da ya daɗe yana yawo a cikin littattafanmu, duk wanda ya saba karatun labaran soyayya ya san shi, ko da yake kowace marubuciya da sunan da take raɗa masa. Ɗan wani hamshaƙin Alhaji ne, bai daɗe da dawowa daga Ingila ko Amurka ba, dogo ne, miskili, ba ya dariya sai murmushin gefen baki. A zamanin da muka fara rubutu cikin Marsandi yake zuwa zance. To 'yan shekarun nan, musamman a labaran da ƙannenmu ke turawa ta waya, sai na ga an sauke shi daga mota an ɗora shi a kan wani ƙaton babur mai rugugi, baƙin gilashi a ido, baƙar rigar fata a jiki duk da zafin watan Afrilu, sannan ga wata jibgegiyar taba a gefen baki, yana sharara gudu yana busa hayaƙi. Da ya ja birki a ƙofar makarantar su yarinyar shi ke nan, gabanta ya faɗi, ƙawaye sun hau ƙus-ƙus, soyayya ta ƙullu. Na karanta irin wannan fitowa ta fi a ƙirga, kuma duk lokacin da na karanta sai in ji ƙaurin tsumma a hancina. Zan faɗi dalili, amma bari mu fara da ita tabar.

Wannan taba mai kaurin babban yatsa daban take da sigarin da muka sani a wajen mai tebur. Turawa na ce mata siga, ita ce wadda ake ganin Fidel Kastiro na ƙasar Kyuba da ita a hotuna. Don kada mu rikita ta da sigari ko sukari, zan riƙa ce mata tabar Kyuba, duk da cewa ana yin ta a wasu ƙasashen ma. Babu takarda a jikinta, ganye ne zalla: a tattara ganyen ciki, a ɗaure shi da wani ganyen, sannan a naɗe da na uku mai santsi, masu tsadar kuma da hannu ake naɗa su. Tabar da ke cikin karan sigari ɗaya ba ta kai giram 1 ba, ita kuwa babbar takan ɗauki giram 5 har zuwa 20, wato guda ɗaya tak tana iya tashi da kwalin sigari sukutum. Shan ta aikin zama ne, takan ci awa ɗaya har biyu kafin ta ƙare. Mashayanta ba sa zuƙar hayaƙin zuwa huhu, a baki suke juya shi su fesar, su dakata kamar minti guda kafin su sake kai ta baki, don in aka matsa mata wutar ta yi yawa sai ta yi ɗaci. Babbar abokiyar gabarta kuwa iska ce. In iska ta buge ta sai gefe ɗaya ya ci wuta ya bar ɗayan, naɗin ya tsage, tokar ta watse. Mai karatu ka riƙe wannan, mu je ga babur.

Ni ban taɓa tuƙa babur ba, saboda haka na tambayi maigidan, wanda ya yi shekaru a kan Jincheng kafin Allah Ya hore masa 'yar mota. Na ce, "Abban yara, wai mutum zai iya sharara gudu a babur yana shan taba?" Ya yi dariya ya ce, "Uwargida, da wane hannun? Dama tana kan totur da birkin gaba, hagu tana kan kuloci, ƙafar hagu na saka giya, ta dama na kan birkin baya. Babur ba ya bar maka gaɓa ɗaya ta hutu. In ka cire hannu don kaɗe toka, to ka saki wani abu ke nan. In kuma ka bar ta a baki, hayaƙin da tokar cikin idonka za su dawo." Na ce to ai mutum na iya runtse ido ya buɗe. Sai ya ɗauki biro ya yi mini lissafi a bayan kwalin ashana. Mai gudun kilomita 60 a awa, a kowace daƙiƙa yana cin kusan mita 17. In toka ta faɗa masa ido ya runtse na daƙiƙa biyu kacal, ya tafi mita 33 a makance, kusan kashi ɗaya cikin uku na filin ƙwallo. A cikin wannan tazara akwai rami, akwai akuya, akwai almajiri da ƙoƙonsa, akwai mai baro. Hausawa sun gama magana tuntuni, ba a haɗa gudu da susar takashi.

Ya ƙara mini da abu biyu. Na farko hular kwano. Wadda take kare haƙora da haɓa ita ce mai rufe fuska gaba ɗaya, ita kuwa ba ta da ƙofar da taba za ta shiga, don haka duk wanda ka gani da taba a baki a kan babur ya riga ya zaɓa tsakanin tabarsa da haɓarsa. Dama can mu ba son hular muke ba. Waɗanda suka yi wayo a 2009 za su tuna lokacin da hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa ta tilasta saka ta daga ranar 1 ga Janairu, yadda wasu 'yan acaɓa a Kano suka kifa ƙwarya a ka suka ɗaure da igiya, labarin ya zagaya duniya ana dariya. Na biyu tanki. Mai mota tankinsa na can baya, mai babur kuwa nasa na tsakanin cinyoyinsa, murfin na ƙarƙashin haɓarsa. Ka tsaya wajen ɗan bumburutu yana tsiyaya maka fetur daga galan, tururin na tashi, kai kuma kana lalubar ashana a aljihu. Allah dai Ya kiyaye.

To in haka ne, daga ina wannan hoto ya samo asali har ya shigo alƙalumanmu? Daga Amurka ya taso. A can akwai mutanen da babur ya zama musu kamar ƙabila, yawancinsu a kan Harley-Davidson, kamfanin da aka kafa tun 1903. Duk watan Agusta dubban ɗaruruwansu kan taru a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Sturgis a jihar Dakota ta Kudu, taron da aka fara tun 1938. A cikinsu akwai masu gemu da rigar fata da tabar Kyuba, gaskiya ne. Sai dai baburansu na doguwar tafiya wasu sun kai nauyin ɗan maraƙi, da faffaɗan gilashi a gaba mai tare iska, kuma a wasu jihohin doka ba ta tilasta wa babba saka hular kwano ba. Duk da haka wanda ya san kuɗin da ya zuba ya sayi tabarsa yakan bari sai ya kafe babur, ya sami inuwa ya miƙe ƙafa, don ba ya so iska ta shanye masa rabi.

Mu kuwa ta fim abin ya iso mana. Wa ya manta Arnold Schwarzenegger, wanda mu dai Kwamando muka san shi? A fim ɗin Predator na 1987 da tabar Kyuba a baki ya fara bayyana cikin jirgi mai saukar ungulu. A Terminator 2 na 1991 kuma ya hau ƙaton Harley yana ratsa gari. Abin da mutane ba su lura ba shi ne, a wannan fim na biyu bai sha taba a kan babur ɗin ba. Tabar da ta fito a farkon fim ɗin ta wani ɗan daba ce, wanda ya kashe ta a ƙirjin Kwamando bai ko motsa ba, saboda a labarin shi ƙarfe ne aka lulluɓe da fata. Ƙwaƙwalwarmu ce ta ɗauko tabar wancan fim ta liƙa a bakin mai babur ɗin wannan. Shi kansa mutumin na gaske, a watan Janairun 2006, yana gwamnan Kalifoniya, ya ɗauko ɗansa a kujerar gefen babur, wata mota ta fito da baya suka yi karo, sai da aka yi masa ɗinki 15 a leɓe. Ashe leɓen Kwamando ma nama ne.

Haka labarin Che Guevara, ɗan juyin juya halin nan da samari ke sawa a gaban riga. An san shi da babur, an kuma san shi da tabar Kyuba, amma abubuwan biyu ba su haɗu a shahararriyar tafiyarsa ta babur ba. Tafiyar babur ɗin a 1952 ya yi ta, yana ɗalibin likita, shi da abokinsa Alberto Granado suka taso daga Ajantina a kan wani tsohon Norton, wanda bai kai su ƙarshen tafiyar ba ya mutu a ƙasar Cile, suka ƙarasa a ƙafa da bayan manyan motoci. Tabar kuwa sai bayan shekaru ya koye ta a dazukan Kyuba, ga shi da ciwon asma tun yana yaro. Kastiro kansa, da duniya ta san shi da ita, ya ajiye ta a 1985. Likitoci sun tabbatar ko ba a zuƙa zuwa huhu ba tana kawo sankarar baki da harshe da maƙogwaro. Wayne McLaren, ɗaya daga cikin mazajen da aka yi tallar sigarin Marlboro da su a matsayin ƙarshen jarumta, sankarar huhu ce ta kashe shi a 1992 yana da shekara 51, bayan ya ƙarar da sauran kwanakinsa yana roƙon mutane su daina. Wannan ɓangaren ba a nuna mana shi a fim.

Yanzu mu sauko gida. Idan hoton nan ya iso titinmu, Harley ya zama Jincheng ko Bajaj, tabar Kyuba ta zama karan sigari na mai tebur, ɗan Alhaji ya zama yaro ɗan shekara 18 da ya baro ƙauye neman kuɗin aure. Sannan an sami ƙarin mutum guda da babu shi a fim, wato fasinja. Duk abin da ya bar bakin mai tuƙi, hayaƙi ne, toka ce, tartsatsi ne, baya iska ke kai shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A hunturun 2003, lokacin ina da littafi biyu a kasuwa, na tashi zuwa Sabon Gari karɓar cinikin littattafaina, da goyon 'yata ta fari a baya, tana da wata takwas. A wancan zamani babu A Daidaita Sahu, in kina sauri acaɓa za ki hau. Na tare wani yaro, muka kama hanya. Da muka shiga cunkoso ya saki hannu ya zaro sigari daga bayan kunne ya kunna. Na ce, "Malam don Allah ka kashe, akwai yarinya." Ko dai bai ji ba, ko iska ta tafi da maganar, hanya na buɗewa ya murɗa totur. Ba mu yi nisa ba na ji ƙaurin tsumma, kafin in gane daga ina yake yarinyar ta tsandara wata irin ƙara da ban taɓa jin ta yi ba. Kan sigarin ne iska ta fizge, ya huda mayafina, ya faɗa tsakanin wuyanta da zanen goyo ya maƙale. Na dinga dukan bayansa ina cewa ya tsaya. Kafin in kwance goyon wurin ya tashi.

Nan da nan mutane suka taru, wasu har sun fara cakumar kwalarsa. Na dubi yaron, jikinsa sai ɓari yake, idonsa ya kawo ruwa, yana ta cewa, "Hajiya ki yafe mini, wallahi ban sani ba, wallahi ina da ƙanwa kamarta." Na roƙi jama'a suka sake shi. Shi ya kai mu kemis, ya zazzage canjin da ke aljihunsa zai biya, na ce ya bar shi. Yarinyar nan yau ta zama budurwa, tabon yana nan ƙasan kunnenta na hagu kamar ƙwayar wake, in ta ɗaura ɗankwali takan ja shi ta rufe. Na sha tunanin da santsin iska ya ɗan karkata, da a ido ya sauka. Wannan shi ne ƙaurin da nake ji in na karanta jarumin nan.

Kada wani ya ɗauka 'yan acaɓa na zo zagi. Sun ɗauke ni zuwa awo, sun kai rubutuna maɗaba'a, sun kai mahaifiyata asibiti cikin dare lokacin da babu mai motar da zai buɗe mana ƙofa. Mutumin da ya fito tun asuba cikin sanyi, bai karya ba, ga balas ɗin mai babur yana jiransa da yamma ko an samu ko ba a samu ba, in ya ce sigari na kashe masa yunwa da barci na fahimci abin da ya kai shi, ko da ban yarda da maganin ba. Kuma na ga masu hankali a cikinsu da yawa, waɗanda da ka ɗaga hannu za su jefar da ita su take kafin su ce ina zuwa. Wani dattijo da ya saba ɗaukata ya taɓa ce mini, "'Yata, ni ina sha, ba zan ɓoye miki ba, amma sai na kafe babur a gindin bishiya. Ran mutum biyu ne a hannuna, ba zan ƙara da wuta ba." Wannan dattijo da bai taɓa jin sunan Sturgis ba, ya gano abin da masu tabar tsada suka gano.

Kano ta canza tun daga lokacin. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo A Daidaita Sahu aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, sannan a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Mai Martaba Sarki Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni. Amma ka fita garuruwa da ƙauyuka, a nan Nijeriya da Nijar inda ake ce masa kabu-kabu, babur ne motar haya, shi ne motar asibiti, shi ne motar kai amarya. Mace mai naƙuda a kansa ake ɗora ta, yara uku 'yan makaranta a kansa ake jera su, ƙaramin a kan tanki. Doka kuma akwai ta. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sha a wuraren taruwar jama'a da abin hawa na haya, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da kara ɗai-ɗai. Kowa ya san yadda ake bin ta a bakin tasha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, haɗuran hanya kuma kusan miliyan 1.2. Jaruminmu ya ɗauko biyun ya haɗa a wuri guda, mu kuma muna tafa masa.

A nan maganar ta dawo kanmu marubuta. Masu fim an fara ja musu burki. A Indiya tun 2012 duk inda aka nuna shan taba sai an rubuta gargaɗi a ƙasan allo, a nan gida ma hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta fito da ƙa'idar hana ƙawata shan taba a 2024. Labarin da ake turawa ta waya kuwa babu mai tsayawa a kansa sai wadda ta rubuta shi, kuma masu karanta shi 'yan shekara 15 ne, 16 ne, a ƙarƙashin bargo. Yarinya ta karanta ta ce irin wannan namiji take so. Yaro ya ji abin da 'yan mata ke so, ba shi da Harley, amma akwai babur ɗin yayansa, akwai mai tebur a bakin layi.

Ni ban ce a cire masu shan taba daga labari ba, ai suna cikin al'umma, labarin da babu mai aibi a cikinsa kuwa ko yaro ba zai karanta ba. Roƙona ga ƙannena marubuta shi ne, in kin ɗora shi a babur kin saka masa taba, to ki ƙarasa aikin. Ki rubuta hawayen da iska da hayaƙi ke zubo masa, da hujin da ke gaban rigarsa, da baƙin leɓe, da tarin asuba, da warin da yarinyar za ta ji in ya matso. In ya goya ta a baya, ki gaya mana inda tokar ta sauka. In kuma burge mu kike so ya yi, hanyoyin suna da yawa. Ki sa ya rage gudu a kusa da makarantar allo, ki sa ya cire hularsa ya ba wanda ya goya, ki sa ya tsaya ya tsallakar da makaho. Wallahi mace mai hankali ta fi lura da irin wannan, kuma mu da muka daɗe a harkar mun san mai karatu ya fi riƙe shi.

Ku kuma 'yan'uwana masu babur, na haya da na gida, in an kasa bari gaba ɗaya, a yi irin ta dattijon nan, a nemi gindin bishiya. Minti biyar ne. Fasinja kuma kada ya ji nauyin magana, kuɗinka za ka biya, idonka ne, ɗanka ne. In ka ce a kashe aka ƙi, ka sauka, wani na tafe.

Na san a cikin masu karatu akwai waɗanda suka ga abin da ya fi nawa, akwai kuma 'yan acaɓa da ke bin labaranmu, ina so in ji ta bakinku ku ma, ko da kuwa saɓanin tawa ce. Mako mai zuwa in muna da rai za mu ɗora labarinmu daga inda muka tsaya. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya kai kowa gidansa lafiya.

Taku har kullum.